Langa da Bindigar Kwamfuta: Ina Amana Take?

Akwai wani nau'in wasan kwamfuta da za a iya kira wasan kwasar ganima da tsira. Ɗan wasa yana shiga fili da makaminsa, ya tara abin da ya samu, ya nemi ƙofar fita. In an kashe shi kafin ya kai, duk abin da ya ɗauko ya salwanta. Escape from Tarkov, wanda aka fara gwajinsa a 2016, shi ya yi wa nau'in suna, kuma tun 2020 PUBG Mobile ya kawo irinsa cikin salula da sunan Metro Royale.

Matsalar da ta dami masu ƙirƙirar waɗannan wasanni ita ce baƙon da aka haɗu da shi a fili: abokin tafiya ne ko abin farauta? A 2024 masu Tarkov suka buɗe sashe dabam inda ake yaƙi da na'ura kaɗai. ARC Raiders, na kamfanin Embark a ƙasar Suwidin, wanda ya fito a Oktoban 2025, ya bar kowa a fili ɗaya, da abokan gaba na ƙarfe masu tilasta haɗa kai, da damar yi wa na kusa magana.

Hanya ta biyu ta fi daraja. Amanar da ba a iya cinta ba amana ba ce, doka ce ta na'ura. Sai dai ita ma da sauranta, kuma malamin da ya taɓa kallon langa a Madawa, Buza ko Keita zai gane inda giɓin yake. A langa ma manufa ita ce a kai ruwa gida: ƴan ɓangarensa suna tare masa hanya, abokan hamayya suna neman kayar da shi. Faɗa da taimakon juna suna tafe tare, ba wanda ya cinye wani. Abin da ya daidaita su shi ne sanayya. Yaron da ya yi ha'inci yau zai dawo dandali gobe ya tarar da shaidu, wataƙila a ƙi ɗaukarsa.

A wasan intanet kuwa, wanda ya ce maka lafiya sannan ya harbe ka a bakin ƙofa yana ɓacewa cikin dubban baƙi, ba kunya ba ramuwa. Nan rauninsa yake: yana ba da ladar cin amana nan take, ya hana ta tsadar da take da ita tsakanin mutane.

Don haka bai kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu su tsaya ga tsine wa salula ba. Gara su sa yaran unguwa ɗaya su riƙa wasa tare, inda suna yake bin mai shi, kuma su tambayi ɗalibi: da ka san za ka sake ganin mutumin, da ka harbe shi?