Rawar Manchester, Muryar Detroit: Sharhi a kan Fim ɗin Northern Soul

A shekarar 2013 aka rushe wani tsohon gini a titin Whitworth da ke birnin Manchester na ƙasar Ingila, aka gina otal a gurbinsa. A cikin ginin nan ne gidan rawar Twisted Wheel ya zauna daga 1965 har aka rufe shi a 1971. A nan samari da 'yan mata, galibinsu 'ya'yan leburori, suke kwana suna taka rawa da waƙoƙin baƙaƙen Amurka masu zafin kiɗa, irin na birnin Detroit. Wani mai sayar da faifai a Landan, Dave Godin, shi ya raɗa wa wannan ɗabi'a suna Northern Soul, wato kiɗan sol na mutanen arewacin Ingila. Shekara guda bayan rushe ginin, Elaine Constantine ta fitar da fim mai wannan suna.

Labarin fim ɗin ba shi da sarƙaƙiya. A 1974 ne, a wani ƙagaggen gari na yankin Lancashire. John yaro ne mai kunya da makaranta ta gundura, ya haɗu da Matt, wanda ya koya masa rawa da son faifai. Burinsu shi ne su tara kuɗi su tafi Amurka su tono faifan da ba wanda ya mallaka. Daga nan sai shaye-shayen ƙwayoyin hana barci ya shiga tsakaninsu, abota ta soma tsami.

Inda fim ɗin ya ciri tuta shi ne filin rawa. Constantine mai ɗaukar hoto ce tun asali, kuma ta daɗe tana horar da matasan da suka yi rawar. Mai kallo zai ga gumi, da wanduna masu faɗin ƙafa, da juyi da tsalle da tafi a lokaci guda. Kowa rawarsa yake yi shi kaɗai, ba mai riƙe da wani, amma ɗakin ya zama tamkar jiki ɗaya. Haka aka yi a Wigan Casino, inda aka ci gaba da kwanan rawa daga 1973 zuwa 1981. Ba ta kuma ɓoye ɓarnar ƙwaya ba, wadda ita ce ta jawo rufe Twisted Wheel.

To amma a nawa ganin akwai babban giɓi. Masu saka faifai a wancan zamani sukan rufe sunan mawaƙi da takarda, su rubuta sunan ƙarya, don kada abokan hamayya su gano faifan. Fim ɗin ya nuna wannan dabara a matsayin gasar samari. Bai tsaya ya tambayi halin da wanda aka rufe wa suna yake ciki ba. Yawancin waƙoƙin nan ba su yi kasuwa a Amurka ba, kuma rashin kasuwar ne ya ba su daraja a Manchester. Faifan Frank Wilson na 1965 an sayar da kwafinsa guda a 2009 a kan sama da fam 25,000. Waƙar Tainted Love ta Gloria Jones sai da ƙungiyar Soft Cell ta sake rera ta a 1981 sannan duniya ta san ta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A cikin fim ɗin kuwa, Amurka rumbun faifai ce kawai.

Wani zai ce ai 'yan rawar nan ne suka ceci waƙoƙin daga mantuwa, har suka riƙa gayyato tsofaffin mawaƙa Ingila suna karrama su. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin alheri ba ne. Sai dai wanda ya adana kaya ba shi ne ya saƙa su ba. A 2023 BBC ta kai wannan kiɗa zauren Royal Albert Hall, alamar ya zama gadon ƙasa. Duk wanda zai sake ba da labarin wannan gado, ya kamata ya ɓare takardar nan da ke kan faifai, ya karanta mana sunan da ke ƙarƙashinta.