Wane Ne Mu'usiri? Nazari a kan Ƙuduri na 64 na Majalisar Fiƙihu da Halin Mabarta a Yammacin Zamfara

 

Daga cikin tambayoyin da suka yawaita a majalisun malamai a ƙasashen Anka, Gummi da Bukkuyum akwai ta mutumin da basussuka suka dabaibaye, aka ce masa ya zo a zauna a tsara masa sabon jadawalin biya: a haɗa abin da ake bin sa, a rarraba shi wata-wata ko kaka-kaka. Shin ya amince ya sa hannu, ko ya tsaya a kan jinkirin da aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta wajabta a yi wa wanda ke cikin ƙunci? Ɗalibanmu da suka karanta fiƙihun mu'amalat na zamani sukan garzaya ga ƙuduri mai lamba 64 na Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wanda ta zartar a zamanta na bakwai a Jidda a shekarar 1992, su ɗauke shi a matsayin amsar da ta rufe ƙofa. Manufar wannan nazari ita ce a auna ƙudurin da halin waɗannan mutane, a ga inda ya wadatar da inda ya gaza.

An gina ƙudurin ne a kan cinikin biya kaɗan-kaɗan, ci gaba daga ƙuduri na 51 na shekarar 1990, wanda ya hana ɗora wa mabarci wani ƙari saboda jinkiri ko da mawadaci ne mai taurin bashi. Abubuwa uku a cikinsa suka shafe mu. Ya halatta a rage wa mutum bashin da lokacinsa bai yi ba domin ya gaggauta biya, muddin ba a shardanta haka tun farko ba, kuma babu mutum na uku a tsakani. Ya halatta a yi yarjejeniya cewa idan mabarci ya ƙi biyan kashi ɗaya sauran duk su hau kansa nan take, sai fa in mu'usiri ne. Sannan ya bayyana mu'usirin da jinkirta masa ya wajaba da cewa shi ne wanda ba shi da dukiyar da ta wuce buƙatunsa na asali, ta kuɗi ko ta kadara, da za ta biya bashinsa. Babu mai musun cewa wannan aiki ne na malamai masu zurfi. Amma wanda suka hango a gabansu shi ne ma'aikaci ko ɗan kasuwar birni da ya sayi mota daga bankin Musulunci, mai albashi sananne da kadara mai farashi sananne.

Mabarcinmu daban ne. Wani bashin shirin Anchor Borrowers ne, wanda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, manoman shinkafa da masara da auduga suka karɓi iri da taki a kan za su biya da amfanin gona. Wani na kaka ne, ya karɓi kuɗi da damina a hannun ɗan kasuwa a kan buhu. Wani ya rayu ne a kan haƙar zinare a yankin Bagega, gubar dalma ta 2010 ta kashe yara a Dareta da Abare da 'Yargalma, sannan gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a Afrilun 2019. Wani gudun hijira ya yi bayan kisan da aka yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun 2022. Wani ambaliyar Gummi ta Agustan 2024 ta tafi da gidansa da rumbunsa. Mafi nauyi kuma shi ne wanda ya bi dangi da maƙwabta ya ranto kuɗin fansar ɗansa ko matarsa. Sau da yawa mutum guda ne ke ɗauke da uku daga cikin waɗannan.

A nan ma'aunin ƙudurin ya fara tangarɗa. Mu ɗauki magidancin da ke zaune a garin Anka, yana da gonaki biyu na gado a ƙauyen da shekara uku ke nan bai taka ba. Bisa zahirin lafazin ƙudurin yana da kadara, kuma ɗaya daga cikin gonakin ta wuce buƙatarsa ta asali. Ashe ke nan ba mu'usiri ba ne, jinkirta masa bai wajaba ba, kuma ya halatta a tattaro masa duk kason da ya rage a rana ɗaya. Alhali gonar ba ta nomuwa sai an biya 'yan bindiga haraji, ba ta sayuwa sai da farashin wulaƙanci, ga wanda ke da ƙarfin jira har ƙura ta lafa. Ƙudurin ya tambayi ko akwai dukiya, bai tambayi ko hannun mai ita yana kaiwa gare ta ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne cewa littattafan da ke zaurukanmu sun fi ƙudurin ƙwaƙƙwafi a wannan gaɓa. Ibn Rushd kaka, a cikin Muƙaddimat, bai raba mabarta gida biyu ba, gida uku ya yi: mawadacin da jinkirinsa zalunci ne, da fayau wanda jinkirta masa wajibi ne, da na tsakiya wanda yana da abin biya amma gaggauta masa zai cutar da shi, wanda shari'a ta kwaɗaitar a saurara masa. Mafi yawan mutanen da muke magana a kansu a wannan gida na tsakiya suke, ko suna gangarawa daga shi zuwa na ƙasa. Shehu Khalil kuma a babin falas ya nuna cewa alƙali ba ya gaggawar sayar da gida ko gonar wanda aka yanke wa hukuncin tsiyacewa. Yakan saurara kimanin wata biyu don neman farashi, ya bar masa abincinsa da na iyalinsa har lokacin da ake zaton zai samu, kuma ya kawo kai-kawon malamai a kan sayar da kayan aikin mai sana'a. Idan an yi kai-kawo a kan uwar maƙera da masaƙa, to gonar da ita kaɗai ce hanyar cin manomi ta fi cancanta a tsaya a kanta.

Akwai wani hukunci a wannan babi da ya kamata duk mai ba da fatawa a kan jadawalin biya ya riƙe: a mazhabar Malik ba a tilasta wa wanda ya tsiyace ya je ya yi ƙodago don ya biya, ba a kuma tilasta masa cin sabon bashi. Bashin yana nan a wuyansa, ranar da ya samu zai biya, amma masu bin sa ba su da iko a kan guminsa na gobe. Jadawalin biya kuwa a kan gumin gobe aka gina shi. Tsarin da aka sani a Ingila, inda ƙungiyoyi irin su StepChange ke karɓar kuɗi guda daga mabarci duk wata su raba wa masu bin sa gwargwadon haƙƙin kowa, yana kama da rabon da fuƙaha'u ke kira muhassa, irin wanda Sayyidina Umar ya yi da dukiyar Usaifi'u na Juhaina kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. Sai dai muhassa a kan dukiyar da ke hannu take, shi kuwa wancan a kan albashin da bai shigo ba. Ga mai albashi wannan sauƙi ne, kuma babu laifi a cikinsa idan an tsayar da ruwa. Ga manomin da bai san ko zai shiga gonarsa bana ba, sa hannu a kan adadi da rana yana nufin ya sayar da jinkirin da Allah Ya ba shi kyauta, ya sayi alkawarin da mai yiwuwa ne ya saɓa. Ranar da ya saɓa kuwa, sai a kira shi mai taurin bashi da takarda a hannu.

Wannan bai sa na ce a guji duk wani jadawali ba. Wanda ke gida na tsakiya, mai rumfa a kasuwa ko mai ɗan albashin ƙaramar hukuma, jadawali ya fi masa alheri a kan a sayar da kadararsa, kuma mai bin sa ma yana da haƙƙi. Sau da yawa shi ma talaka ne, kuma Nairar da ya ranta a 2021 ba ita ce ta bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 ba. Majalisar kuwa a zamanta na Kuwait a 1988 ta zartar da cewa ana biyan bashi da kwatankwacinsa ne ba da ƙimarsa ba. Wanda ya yi haƙuri a irin wannan hali ya yi sadaka ko bai ambata ba. Abin dubawa shi ne abin da aka rubuta a cikin jadawalin.

Mafi yawan abin da ake kira sassauci a ƙauyukanmu ƙari ne aka sauya wa riga. Mai buhu ɗaya ya kasa biya da kaka, sai a ce ya kawo biyu baɗi. Ko a kimanta buhun da farashin bazara, a mayar da shi kuɗi a wuyansa zuwa wata kakar. Na farko shi ne ainihin ribar jahiliyya da Zaidu ɗan Aslam ya siffanta a Muwaɗɗa, na biyu kuma shi ne warware bashi a cikin bashi, wanda Malikawa suka fi kowa tsanantawa a kansa. Ƙuduri na 64 bai taɓo wannan ba. Sai a ƙuduri na 158, a zaman Amman na 2006, Majalisar ta fayyace haramcin duk wata dabara da ke kai wa ga ƙara bashi saboda ƙara lokaci. Ɗalibin da ya tsaya a kan na farko bai kai ga na biyu ba ya bar babbar ƙofar a buɗe. Haka jinginar gona, inda mai kuɗi ke noma ta yana cin amfaninta har a biya shi: idan asalin bashin rance ne, wannan rance ne da ya jawo amfani, ko da mai gonar ya ce ya yarda. Yardar wanda ɗansa ke daji ba abin kafa hujja ba ce.

Game da ragi don gaggauta biya, ƙudurin ya bi ra'ayin Ibn Abbas ya bar mashhurin mazhabarmu, kuma ɗalibai kan ɓata lokaci suna jayayya a kai. Jayayyar ba ta shafi mas'alarmu ba. Saɓanin yana kan bashin da lokacinsa bai yi ba ne. Bashin da ya riga ya hau, kowa ya yarda a yi sulhu a yafe wani sashe a karɓi saura, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsakanin Ka'abu ɗan Malik da Ibn Abi Hadrad a masallaci, ya sa aka yafe rabi. Basussukan mutanenmu kusan duk sun hau tuntuni. Haka nan wasu masu wa'azi kan janyo hukuncin ja'iha, su ce tunda Khalil ya lissafa runduna cikin annobar da ba a iya tunkuɗewa, bashin wanda aka kora daga gonarsa ya faɗi. Niyyar mai kyau ce, ƙiyasin bai zauna ba. Sauke ja'iha a cinikin 'ya'yan itace da makamantansu yake, ba ya goge rance. Abin da harin ke tabbatarwa shi ne ƙuncin mutumin, da halaccin ya nemi taimako, bisa hadisin Ƙabisa a Sahihu Muslim.

Wani giɓin kuma shi ne jerin masu bin bashi. Ƙudurin yana magana kamar mai bi ɗaya ne. A mazhaba, wanda bashi ya kewaye dukiyarsa ba shi da damar ya miƙa duk abin hannunsa ga mutum guda ya bar saura. Amma tun 1 ga Agustan 2020 ƙa'idar Babban Banki ta ba bankuna damar cire bashinsu daga kowane asusu da ke haɗe da lambar BVN ta mabarcin da ya sa hannu a kan haka. Mai takarda da na'ura yakan riga kowa, tsohuwar da ta sayar da akuyarta ta ba da gudummawar fansa a matsayin rance ita ce ta ƙarshe. Jadawalin da aka tsara da banki kaɗai, ba a kira sauran masu haƙƙi ba, zai iya zama zalunci gare su ko da babu ƙwayar riba a cikinsa. Saboda haka wurin da ya dace a yi irin wannan zama shi ne gaban alƙali ko wanda ya wakilta, kowa ya kawo hujjarsa, a rubuta kamar yadda ayar bashi ta yi umarni.

Ƙudurin bai ambaci kason mabarta na zakka ba, kuma ba a zarge shi, don ba shi ne maudu'insa ba. Mu ne ba mu da uzuri. Zamfara ce ta fara shelar aiki da shari'a a Oktoban 1999, tana kuma da Hukumar Zakka da Waƙafi, wadda takan biya wa wasu da ke tsare saboda bashi, musamman da azumi. Aiki ne mai lada, sai dai yana zuwa a makare. A fiƙihunmu ana tsare wanda ba a san halinsa ba ne har a bincika, wanda rashinsa ya tabbata ba a tsare shi. Idan aka iske fayau a gidan yari, tambayar farko ta kotun da ta kai shi ce. Kason mabarta ya fi amfani a teburin sulhu, inda Naira ɗaya ta zakka za ta iya sa mai bi ya yafe wata, kafin a kai ga sayar da gona. Wasu kan yi ɗari-ɗari da bashin fansa, saboda mashhurin mazhaba bai yarda a fanshi kamamme da kason 'yanta bayi ba, ko da yake Ibn Habib ya yarda. Amma masu sharhin Mukhtasar sun bayyana cewa kamammen da aka saka a kan fansar da ta zama bashi a wuyansa ana ba shi zakka, domin a lokacin ya shiga sahun mabarta. Wanda ya ranto don ya fanshi iyalinsa ma bashinsa na mutane ne, ba a kan ɓarna ya ci shi ba, sharuɗɗan sun cika a kansa. Ya kamata sunayen irin waɗannan su kasance a gaban kwamitocin zakka na gundumomin Anka, Gummi da Bukkuyum tun kafin a buɗe musu fayil a kotu.