Dariyar Peter Pan da Abin da Take Rufewa

Peter Enahoro ya yi suna ne da laƙabin Peter Pan a jaridar Daily Times ta Legas, kuma a 1966, shekarar da sojoji suka yi juyin mulki har sau biyu, ya fitar da ɗan littafinsa How to Be a Nigerian. Ƙasa na tangal-tangal, shi kuwa ya zauna yana nazarin yadda muke son hayaniya, da yadda taro ba ya zama taro sai an naɗa masa shugaba.

A ganina, ƙarfin rubutun yana wurin da marubucin ya tsaya. Bai hau mumbari ba. Ya shigo ne kamar taubashi, irin wasan da ke tsakanin Bafulatani da Babarbare, inda ake faɗin magana mai zafi ba a riƙe ta a zuci, domin mai faɗin ɗan gida ne. Ya kuma ari muryar mai yi wa baƙo jagora, yana bayyana halayenmu da fuska a murtuke kamar darasi, sai mai karatu ya tsinci kansa a cikin misalin. Na san wannan shugaban taron. Kawuna ne, kuma in na yi gaskiya, nakan zama shi duk ranar da aka miƙo mini lasifika.

Inda na rabu da Enahoro shi ne batun na-goro. Ya bi da shi da laushin da ya bi da surutu da dogon jawabi, alhali ba ɗaya suke ba. Dogon jawabi lokaci kawai yake ci. Na-goro kuwa yana hana wani takardarsa, ko gadon asibiti. Idan aka mayar da shi abin raha, sai ya koma ɗabi'ar gida da ake yi wa murmushi, mai karɓa ma ya karanta ya ƙyalƙyale, ya ninke jarida, ya sake miƙa hannu. Wasan taubasai yana sanyaya zuciya, amma ba a shirya shi don ya gyara kowa ba.

Akwai kuma ƙorafi ƙarami: Ɗan Nijeriyar nasa ɗan birni ne, mai ofis da tasi da tarho. Na duba ban hango manomin Gumel a ciki ba.