A Bar Dodo Ya Zama Dodo

Kwanakin baya ɗan yayata ya kawo mini kundin digirinsa in duba masa. A kan The Lord of the Rings ya yi rubutun, littafin nan na J.R.R. Tolkien da ya fito a juzu'i uku tsakanin 1954 da 1955. Na buɗe sai na ga komai an ɗora masa fassara: zoben da labarin ya ginu a kansa bam ɗin nukiliya ne, mugun sarki Sauron Hitila ne, ƙasarsa Mordor kuwa Jamus. Na tambaye shi wane wuri ne ya fi tayar masa da tsikar jiki. Ya sosa ƙeya ya ce, "Kawu, gaskiya fim ɗin na kalla, sai kuma sharhin masana."

Ban ga laifinsa ba, don abin da ya tarar ana yi ke nan. Yayin da ake ciki a nazarin labaran almara shi ne a ɗauki littafi kamar kacici-kacici, kowane dodo sai an cire masa fata an ga wane ɗan siyasa ke ciki. Ni dai a ganina wannan hanya tana haifar da kundaye masu kauri da masu karatu marasa ɗanɗano.

Tolkien da kansa ya riga ya ba da amsa. A gabatarwar bugu na biyu, a tsakiyar shekarun 1960, ya ce ba ya ƙaunar labarin da aka ɗaure wa ma'ana guda. Ya fara rubutun a ƙarshen 1937, shekaru kafin a jefa bam a Hiroshima a 1945. Ya ƙara da hujja mai kashe baki: da labarin hoton Yaƙin Duniya na Biyu ne, da ƙwace zoben za a yi a yaƙi Sauron da shi, maimakon a kai shi wuta a hallaka. In ma yaƙi ake nema, na farko ne ya bar masa tabo. Ya je fagen Somme a Faransa a 1916, kuma zuwa 1918 aminansa na kusa duk sun mutu, saura ɗaya.

Abin dariya shi ne mutumin da ake yi wa wannan aika-aika ya taɓa tsawata wa masana a kan irinta. A 1936, yana farfesa a Oxford, ya gabatar da lacca kan Beowulf, tsohuwar waƙar Ingilishi. Ya ce masana sun mai da ita rumbun tono tarihi, suna jin kunyar dodannin da ke ciki, alhali dodannin su ne ƙashin bayan waƙar. Ya kawo misalin wani da ya gina hasumiya da tsofaffin duwatsu, abokansa suka rushe ta don su duba zanen da ke jikin duwatsun, ba wanda ya hau sama ya gane cewa daga can ana hango teku.

Kada a ce ina ƙin nazari. Akwai wanda in ka karanta shi sai ka koma wa littafin da gudu. Tom Shippey, a The Road to Middle-earth na 1982, ya bi sawun kalmomi ya nuna yadda sana'ar Tolkien ta binciken tsofaffin harsuna ta haifi duniyar labarin. Sunayen wadannin The Hobbit, wani littafin Tolkien, har da na maye Gandalf, daga wata tsohuwar waƙar Ayislan suka fito. Kofin da Bilbo, jarumin wannan littafi, ya sace daga taskar dodo Smaug, ya tada fushinsa, yana da ɗan'uwa a Beowulf. Sanin haka ƙara wa miya gishiri yake yi.

Akwai kuma sharhin da ya zame mana dole, mu baƙar fata. Mutanen kudu masu duhun fata, Haradrim, a sahun Sauron suke yaƙi, kuma masanan da suka ce a dubi wannan suna da gaskiya. Sai dai wanda ya karanta ya san wurin da Sam, ɗaya daga jaruman labarin, ya ga gawar ɗaya daga cikinsu kwance rub da ciki, ya shiga tunanin ko mene ne sunansa, ko mugu ne da gaske, ko ƙarya ko barazana ce ta raba shi da gida. Mai neman tambari kawai zai tsallake wannan shafi. Mai karatu na gaskiya zai riƙe ƙorafin da shafin tare, ya auna.

Mu ma a gida cutar ba ta bar mu ba. An sha bin diddigin Magana Jari Ce na Abubakar Imam: wannan labari daga Dare Dubu da Ɗaya, wancan daga tatsuniyoyin Grimm na Jamus, aku kuma daga Indiya. Aiki ne mai amfani. Amma bai gaya mana dalilin da ya sa yaro a Zariya ko Damagaram ke ƙin barci sai ya ji yadda aku ya yi da Waziri ba. Amsar tana cikin bakin Imam, yadda ya sa baƙon labari ya yi Hausa har aka manta baƙo ne.

Fina-finan Peter Jackson na 2001 zuwa 2003 sun kai Tolkien ko'ina, na ƙarshensu ya ci lambobin Oscar 11, kuma wasannin kwamfuta sun cika da wadanni da mayu irin nasa. Wannan tasiri ne ya sa jami'o'i suka ƙara buɗe ƙofa ga littafin da mai suka Edmund Wilson ya yi wa kallon shirmen yara a 1956. Madalla da buɗe ƙofar, amma a shiga da littafin a hannu.

Na mayar wa ɗan yayata kundinsa tare da juzu'i na farko, na ce kada ya dawo sai ya kai babin ramin Moria a karatunsa. Bayan mako biyu ya kira ni da tsakar dare, bai ko yi sallama ba: "Kawu, da gaske Gandalf ya mutu?"