Garkuwa da Ɗamara a Waƙar Gawain da Koren Barde

Waƙar Sir Gawain and the Green Knight, wato labarin Gawain da Koren Barde, tana sahun gaba a waƙoƙin barade da aka rubuta a Ingila a ƙarshen ƙarni na 14. Kwafinta ɗaya tak ya rage, a kundin Cotton Nero A.x da ke Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya a Landan, tare da wasu waƙoƙi uku na addini da ake kyautata zaton mawaƙi ɗaya ne ya tsara su. Layukanta 2,530 ne, a baitoci 101, kuma sai a 1839 aka fara buga ta.

Ranar sabuwar shekara wani ƙaton barde, kore shar daga shi har dokinsa, ya kutsa fadar Sarki Arthur riƙe da gatari. Ya ce wani ya sare shi sau ɗaya, bisa sharaɗin zai rama bayan shekara da kwana ɗaya. Gawain, ɗan 'yar'uwar sarki, ya fille masa kai. Mutumin ya sunkuya ya ɗauki kansa, ya tuna wa Gawain alkawari, ya hau doki ya tafi. A hanyar cika alkawarin Gawain ya sauka a gidan wani basarake mai suna Bertilak, suka ƙulla wani sharaɗin: abin da maigida ya samo a farauta na baƙo ne, abin da baƙo ya samu a gida na maigida ne. Kwana uku uwargida tana zawarcin Gawain, shi kuwa yana zillewa cikin ladabi, yana miƙa wa mijin sumbar da ya samu. A rana ta uku ta ba shi koriyar ɗamara ta siliki, ta ce mai sanye da ita ba a iya kashe shi, tamkar gurun da mayaƙa ke ɗaurawa a ƙugu. Wannan kam ya ɓoye ta.

Tun tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da masu nazari irin su John Speirs suka danganta Koren Barde da tsohon gunkin tsirrai na maguzawan Turai, hankali ya karkata ga launin kore. Yayin ya ƙaru da damuwar zamani kan muhalli, har ya kai ƙololuwa a fim ɗin The Green Knight na David Lowery a 2021, inda Dev Patel ya fito a Gawain. A can an mai da barden rabi mutum rabi itace, aka kuma sa wa uwargida dogon jawabi kan yadda kore ke cinye duk abin da ɗan Adam ya gina. Fim ɗin yana da kyawun kallo. Sai dai wannan karatu ya bar abin da mawaƙin ya nuna da yatsa, ya kama abin da ya bari a rufe.

Alamar da mawaƙin ya tsaya ya warware ita ce ta garkuwar Gawain: tauraro mai tsini biyar, na zinariya a kan ja, wanda ya jingina wa Annabi Sulaiman. Ya kashe mata layi sama da 40. Kowane tsini biyar ne a kansa: gaɓoɓin ji biyar, yatsu biyar, raunuka biyar da Kiristoci suka yi imani an ji wa Almasihu, farin ciki biyar na Maryamu, sai halaye biyar, wato kyauta, zumunci, tsarki, ladabi da tausayi. Muhimmin abu shi ne da zare ɗaya ake zana tauraron, ba a ɗaga hannu. In gefe ɗaya ya tsinke, duka sun warware. Ke nan tun kafin Gawain ya bar fada an ɗora masa mizanin da ba ya karɓar ko ƙwayar kuskure.

Kore kuwa ba a taɓa fassara shi ba. Barden ma ba dodon daji ba ne: tufafinsa na alfarma ne, an yi musu ado da zinariya, a ɗaya hannunsa kuma akwai koren reshe na nuna bai zo da yaƙi ba. Daga baya ya bayyana cewa shi ne Bertilak, mai gida da bayi da karnukan farauta, wanda ke feɗe barewa bisa ƙa'idar manyan mutane. Da wuya a ce irin wannan mutum wakilin daji ne mai fushi da wayewa. Farautar kwana ukun ta fi ba da haske, musamman ta ƙarshe: ranar da aka kamo dila ita ce ranar da Gawain ya yi wayo.

Ɗamarar ce ke ɗauke da nauyin waƙar, domin ma'anarta ba ta zauna wuri ɗaya ba. A hannun uwargida kyautar soyayya ce. A ƙugun Gawain maganin mutuwa ce. Bayan saran ramuwa ya ƙwarzane masa wuya kawai, Bertilak ya ce laifin ƙarami ne, son rai ne ya jawo shi, ba lalata ba. Gawain ya ƙi wannan sassauci, ya kira kansa matsoraci mai kwaɗayi, ya rataya ɗamarar don tuna abin kunyarsa. Da ya koma fada, sai aka bushe da dariya, barade duka suka amince kowa zai riƙa rataya irinta don girmama shi. Hukunci uku ke nan a kan laifi ɗaya, mawaƙin kuma bai raba gardama ba.

A nan ne fim ɗin ya fi yin asara. Gawain ɗin Lowery ya kwance ɗamarar da kansa kafin saran ƙarshe, don haka babu komawa gida da tabo, babu dariyar fada, babu mutumin da ya cika babban alkawari ya saɓa ƙarami sannan ya rasa yadda zai auna kansa. Da alama masu karatun farko sun fi kula da wannan ɓangare. A ƙarshen waƙar a cikin kundin an ƙara taken ƙungiyar baraden Garter, wadda Sarki Edward na Uku ya kafa a 1348, ƙungiyar da ita ma tambarinta ɗan maɗauri ne na tufafi, takenta kuma a kan kunya yake magana.