Kwana goma sha biyu: alƙali a gidan masu taɓin hankali

A shekarar 2017 Raymond Depardon, mai ɗaukar hoto ɗan Faransa wanda ya taɓa yin silima a saharar ƙasarmu, ya fitar da «12 jours». Sunan ya fito ne daga doka. Tun 2013, duk wanda aka kwantar a asibitin masu taɓin hankali a Faransa ba da yardarsa ba, wajibi ne alƙali ya duba lamarinsa kafin cikar kwana 12, sannan a sake dubawa duk wata shida. Kafin nan, dokar 1838 ta yi aiki har zuwa 1990, kuma a ƙarƙashinta ne Camille Claudel, gwanar sassaƙa, ta shekara 30 a kulle bisa buƙatar danginta, daga 1913 har rasuwarta a 1943.

Depardon ya kafa na'urorinsa a wani ƙaramin ɗaki na asibitin Vinatier, kusa da birnin Liyon. Tebur ne, da alƙali, da majinyaci, da lauya a gefe. Babu mai sharhi, babu mai yi wa ɗan kallo jagora. Fuskar alƙali da ta majinyaci girmansu ɗaya a allo, kuma wannan daidaito shi ne mafi kyawun abin da silimar ta yi, domin ido yakan manta na ɗan lokaci wane ne mai iko. Mutum goma ne suka wuce gabanmu. Akwai ma'aikaciyar da ta ce matsin wurin aiki ne ya karya ta. Akwai uwa mai roƙon a bar ta ta ga ɗiyarta. Akwai wani da ya yi magana cikin natsuwa yana neman a tuntuɓi mahaifinsa, sai bayan fitarsa muka ji cewa shi ne ya kashe mahaifin. A nan mai kallo yake gane cewa tausayinsa ma yana iya ruɗinsa.

Cikin goman babu wanda aka sallama. Alƙalan ba azzalumai ba ne, suna saurare da ladabi. Amma abin da ke gabansu takardun likitoci ne, su kuwa likitocin ba su cikin ɗakin. Alƙali yana duba ko an cika ƙa'ida, ko an sa hannu a kan lokaci; ba shi da ilimin da zai ƙaryata abin da likita ya rubuta. Majinyaci yana jayayya da mutumin da ba ya nan, ta bakin mutumin da ba zai iya ba shi amsa ba.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya. A Ingila, kwamitin da ke sauraren ƙorafin wanda aka tsare bisa dokar 1983 ya ƙunshi alƙali, da likitan ƙwaƙwalwa, da mutum na uku, ta yadda akwai mai iya tuhumar likita da harshensa. Italiya, da dokar 180 ta 1978 wadda ake jingina wa Franco Basaglia, ta ɗauki hanyar rufe manyan gidajen tsarewa, ta mayar da jiyyar dole ta kwana bakwai da ake iya sabuntawa, da sa hannun magajin gari. Depardon ya san wannan sarai, tun da ya yi silima a San Clemente ta Venis a wancan zamani. Abin mamaki ne da bai bar ko inuwar wannan kwatanci ta shiga aikinsa ba.

Inda na fi samun damuwa kuwa shi ne batun yarda. An canza sunayen majinyatan, amma fuskokinsu a buɗe suke. Doka ta ce waɗannan mutane ba su da hankalin amincewa da magani. Ta yaya suka sami hankalin amincewa duniya ta kalle su a ranar rauninsu? Silimar ba ta taɓa wannan tambaya ba. Ta maye gurbinta da dogayen hotunan lunguna da hazo, da kiɗan Alexandre Desplat, wanda ke sanyaya zuciya a daidai wurin da ya kamata a bar ta da zafinta.