Yazi Dogo da Wasan da Ba a Rubuta Ba

Duk wanda ya tashi a Rano ko Kibiya ya san wasan kwaikwayo tun kafin ya san sunansa. Da azumi ya kai goma yara za su fito tashe, wannan ya liƙa gemun auduga, wancan ya cusa tsumma a riga ya zama mai tumbi. A makaranta kuma akwai malami guda da yakan tara ɗalibai bayan an tashi, a jera bencina, a rataya zanen gado ya zama labule. Wannan malamin shi ne darakta, ko da yake ba wanda ya taɓa kiransa da sunan. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, ranar wasan yake mutuwa.

Yazi Dogo na Jamhuriyar Nijar irin wannan malami ne, sai dai nasa wasan ya fita daga harabar makaranta ya game ƙasa. Mutumin Dogon Dutsi ne, aikin koyarwa ya kai shi Damagaram, inda ya jagoranci ƙungiyar wasan kwaikwayo da ta yi suna a shekarun 1970 da 1980, a dandali da rediyo, daga baya har talabijin ɗin ƙasar. Yawancin 'yan ƙungiyar malamai ne da ma'aikata, maza da mata, masu yin wasa bayan sun tashi daga aiki. Daga bisani ya koma Yamai ya ci gaba da sana'ar.

Abin da ya fi jan hankalina a aikinsa shi ne yadda ake gina wasan. A Nijeriya mun saba da wasan da ke cikin littafi, irin su Zamanin Nan Namu da Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, waɗanda ɗalibi zai haddace ya maimaita. Su Yazi Dogo ba haka suke yi ba. Za a zauna a tsayar da jigo, a raba shi fitowa-fitowa, a san wanda zai shigo da abin da zai faru kafin ya fita. Maganar kuwa kowa daga bakinsa take fitowa, ana gwaji ana gyarawa har ta zauna. Janet Beik, wadda ta wallafa littafi a kan wasan Hausa na Nijar a 1987, ta ɗauke shi a matsayin adabin baka na zamani, kuma ta yi gaskiya.

Wannan tsari yana sauya ma'anar darakta. Aikinsa ya zama na sanin mutanensa: wa ya iya bakin alhaji mai kuɗi, wa zai yi ma'aikacin ofis mai cusa Faransanci cikin Hausa don a san ya yi boko, wace ce za ta iya uwargida mai habaici. Sannan dole ya san lokacin da zai tsayar da ɗan wasan da dariyar jama'a ta ɗauke shi, don kada fitowa guda ta cinye labarin. Sakamakon shi ne Hausa mai rai. Gaisuwa tana da tsawonta na gaske, cinikin kasuwa yana da ja-in-jarsa, mai kallo yana jin kamar leƙa gidan maƙwabci yake yi.

Amma tsarin yana da raunin da bai kamata masoyansa su ɓoye ba. Wasan da ya dogara da baki yakan yi tsawo inda ba a buƙata, domin ɗan wasa ba ya son barin maganar da ke ba da dariya. Halayen mutanen ma sukan tsaya wuri guda: alhaji mai haɗama ne, boka maƙaryaci ne, tun shigowarsu ka san ƙarshensu. Ba kasafai ake samun mutumin da zuciyarsa ta rabu biyu ba, wanda zai bar mai kallo yana ta juya lamarin har gida.

Rauni na biyu ya fi nauyi. Wannan wasa ya bunƙasa ne a zamanin Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulki a 1974 ya riƙe har rasuwarsa a 1987. Gwamnatinsa ta farfaɗo da samariya, ta shirya bikin matasa na ƙasa inda jihohi ke gasa, kuma rediyo da talabijin nata ne. Wanda ya ba ka dandali yana da ta cewa a kan abin da za ka faɗa. Shi ya sa bulalar wasan take sauka a kan ƙaramin ma'aikaci mai cin hanci, da ɗan kasuwa mai ɓoye kaya, da uba mai aurar da 'yarsa dole, ta tsaya nan. Kwatanta da Malam Aminu Kano, wanda ya yi amfani da wasa wajen sukar hukumar En'e kanta. Duk da haka, ba zan ce su Yazi Dogo 'yan amshin shata ba ne. Talakan da ya ga an yi wa mai ofis dariya a bainar jama'a ya san abin da ya gani, kuma wasan da ba a rubuta ba yana da wuyar tacewa, tunda babu takardar da za a ja wa layi.

A Kano hanyar ta bambanta. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo a 1990, daga nan ƙungiyoyin dandali suka bi kyamara ɗaya bayan ɗaya. An samu kasuwa, amma an rasa abin da Yazi Dogo ya riƙe: mutane ƙalilan da suka daɗe tare har kowa ya san numfashin ɗan'uwansa, suna wasa a gaban jama'ar da za ta mayar musu da martani nan take. Yau yaron Kibiya mai baiwar kwaikwayo burinsa ya shiga mota zuwa birni neman fitowa a fim, ko ya yi barkwancin minti ɗaya a waya.

Darasin Damagaram shi ne gari ba ya buƙatar zama babban birnin ƙasa kafin ya yi wasan da ƙasa za ta saurara. Abin da ake buƙata shi ne jagora mai haƙurin zama wuri guda shekara da shekaru, da 'yan wasa goma da za su dawo gwaji gobe. Chaibou Dan Inna ya rubuta littafi guda da Faransanci a kan fasahar Yazi Dogo. Malaman da suka rataya zanen gado a makarantun Rano kuwa, da yawansu suna nan da rai, kuma ya kamata wani ya je da rikoda ya zauna da su.